Mota iri ɗaya, inji iri ɗaya, to me ya sa mutum ɗaya ke cinye gasar F4 ta Birtaniya?

Matashin Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga manyanmu da suka san harkar tseren mota, musamman ƙananan motocin nan masu kujera ɗaya da tayoyi a waje. Ina bin gasar F4 ta Birtaniya a waya, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. An ce duk motocin kamfani ɗaya ya ƙera su, inji iri ɗaya, taya iri ɗaya. To in haka ne, ta yaya Alex Dunne ya ci tsere 11 a kakar 2022, wasu kuwa har aka tashi ba su ko leƙa sahun ukun farko ba? Ko akwai abin da ake taɓawa a ɓoye ne? Sannan ina roƙon a warware mini yadda ake tsara kakar, don wani lokaci sai in ga wanda ya fi kowa gudu a gwaji an ajiye shi a tsakiyar layi. Allah ya saka da alheri.

Malam Injiniya, Daura:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari mu fara da tsarin, don in ka gane shi rabin tambayarka ta amsa kanta.

Hukumar Motorsport UK ce ke gudanar da gasar tun 2022, kuma a shekarar ne aka canja mota. Gangar jikin ta kamfanin Tatuus ce na Italiya, samfurin T-421, injin kuma Abarth ne mai lita 1.4 da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ƙarfinsa kusan doki 180, taya kuwa Pirelli. Kafin nan Mygale ake amfani da ita da injin Ford. Doki 180 ba wani abin a zo a gani ba ne a takarda, amma ka tuna nauyin motar kusan rabin na Corolla ne. Giya shida ce, ana sa ta da wasu 'yan faifai a bayan sitiyari, ba da hannun giya ba. Babu na'urar hana taya kullewa in an taka birki, babu mai hana ta juyawa a banza in an ba ta wuta, sitiyarin ma ba mai taimako. Ƙafa da hannun direba ne kawai. Yaro yana iya shiga da zarar ya cika shekara 15.

A 2022 an yi haɗuwa 10, wato taron ƙarshen mako a fili ɗaya, kowace haɗuwa tsere uku, jimilla 30. An buɗe a Donington Park a Afrilu, aka rufe a Brands Hatch a Oktoba. Tsakani an je Thruxton sau biyu, da Oulton Park, Croft, Knockhill da ke Sikotilan, Snetterton da Silverstone, Brands Hatch ɗin ma sau biyu aka je, ɗaya a gajeren fili ɗaya a dogo. Wani abin da zai yi maka amfani: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Ingila daidai yake da namu, don haka duk lokacin da ka gani a jadawalin filayen Birtaniya shi ne lokacin Katsina, ba sai ka yi lissafi ba.

Kowane tsere kusan minti 20 ne. Ba a tsayawa shan mai, ba a tsayawa canja taya sai in matsala ta faru. Nisan da suke ci bai kai daga Katsina zuwa Daura ba. Wannan gajartar ita ce tushen komai, domin wanda ya tashi daga na 12 ba shi da lokacin da zai ratso har gaba, ko da ya fi kowa iya tuƙi.

Wurin tashi kuwa a zaman neman gurbi ake samunsa, shi ma kusan minti 20. Kowa ya shiga ya yi zagaye, ana ɗaukar lokacinsa. Zagayenka mafi sauri shi ke ba ka wurin tashi a tsere ɗaya, zagayenka na biyu a sauri shi ke ba ka wuri a wani tseren. Ka ga ke nan zagaye ɗaya mai kyau bai isa ba, dole ka kawo biyu. Ragowar tseren, wanda ya ruɗa ka, shi ne wanda ake juya layi, a mayar da na gaba baya. An yi shi ne don yaran su koyi wuce mota, kuma makinsa bai kai na sauran biyun ba. Adadin motocin da ake juyawa da yadda ake raba makin wannan tseren suna canjawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka ka riƙa duba dokokin kakar da kake bi.

A cikakken tsere maki haka yake: 25 ga na ɗaya, sai 18, 15, 12, 10, 8, 6, 4, 2, da 1 ga na goma. Yi wannan lissafin da kanka. A cikakkun tsere uku, direba ya ci biyu, a na uku ya yi karo ya fita, yana da 50. Wani ya zo na biyu sau uku, yana da 54. Duk ihun da aka yi wa na farkon, na biyun ne a gaba. Shi ya sa masu horar da yaran nan ke nanata musu cewa in ƙofa ba ta buɗe ba kada su cusa kai, maki 12 a aljihu ya fi fiffiken mota a karye.

Bakaniken Ƙofar Ƙaura:

Malam ya gama da tsari, Allah ya ƙara ilimi. Ni zan taɓo inda ka ce ko ana taɓa wani abu a ɓoye. Injin dai a rufe yake da hatimi, ba mai ikon buɗe shi a garejinsa. Bayan tsere ana kai motoci wurin bincike, a auna nauyi da direba a ciki, a auna tsayin mota daga ƙasa, wani lokaci a ɗebi mai a gwada. In an kama ka da saɓani, sakamakonka ya tafi. Abin da ake taɓawa a fili yake, doka ta yarda da shi, kuma a nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo.

Fara da iskar taya. Motar gida ana ba ta wajen 32 a gejin mai faci. Waɗannan kuwa ƙasa da haka sosai suke aiki, wajen 20 da 'yan kai in sun yi zafi. Matsalar ita ce ba da zafi ake sa iskar ba, da sanyi ake sawa, kuma a F4 ba a ɗumama taya da bargo kafin a fita. Duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ƙara iskar da kusan ɗaya a geji. Don haka injiniya sai ya yi hasashe: zafin kwalta nawa ne yanzu, girgije zai rufe rana ko a'a, a zagaye na nawa nake son tayar ta kai daidai? A neman gurbi ana farawa da iska mai ɗan yawa don ta kai da wuri. A tsere ana rage ta don kada ta wuce ƙima a minti goma na ƙarshe. In ta yi yawa, tsakiyar tayar ya kumbura, abin da ke taɓa ƙasa ya ragu, mota ta fara zamewa, zamewar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara iska. Daga nan sai dai ka ga ana wuce yaro ɗaya bayan ɗaya.

Tayar rani ba ta da zane ko kaɗan, sumul take kamar suɗaɗɗiyar taya, amma da gangan aka yi ta haka don duk faɗinta ya kama kwalta. Da mota ta shigo, kafin tayar ta huce, bakanike zai soka ma'aunin zafi a wuri uku: gefen ciki, tsakiya, gefen waje. In tsakiya ya fi zafi, iska ta yi yawa. In gefunan biyu sun fi tsakiya, ta yi kaɗan. In gefen ciki ya yi wa na waje nisa sosai, an karkatar da tayar da yawa. Ka lura tayoyin gaba ba a tsaye cak suke ba, samansu ya ɗan kwanta ciki da digiri biyu zuwa uku da wani abu, domin in an shiga kwana nauyi ya danne ta waje ta zauna daidai. Irin aikin alaimen ne da muka sani, sai dai a nan rabin digiri magana ce babba.

Sai fukafukai. Na gaba da na baya duk ana iya ɗaga su ko a kwantar. In ka ɗaga, iska ta danne motar ƙasa, ta kama kwana da kyau, amma a miƙaƙƙen titi ta ja ta baya. In ka kwantar, ta yi gudu a miƙe, ta yi santsi a kwana. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne daidaito tsakanin gaba da baya. Direba zai dawo ya ce gaba ya ƙi shiga kwana, na murɗa sitiyari tana neman wucewa kai tsaye. Magani: a ƙara fiffiken gaba, ko a sassauta sandar da ke haɗa ƙafafun gaba. Ko ya ce baya na kwashewa da na ba ta wuta. Sai a sassauta ta baya, ko a ƙara fiffiken baya. Dokar aikin ita ce a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta. Wanda ya taɓa abu uku a tare, ko motar ta gyaru bai san wanne ya gyara ta ba, gobe a wani fili ba abin da zai ɗauka ya tafi da shi.

Birki ma akwai abin murɗawa a gaban direba da ke raba ƙarfinsa tsakanin gaba da baya, gaba ya fi samu. In ya yi wa gaba yawa, taya ta kulle, hayaƙi ya tashi, wurin da ya gogi kwalta ya yi fili kamar an yanka da wuƙa. Daga nan duk juyi ɗaya sai sitiyari ya yi rawa, kuma in an sake taka birki a daidai wannan wurin za ta sake kullewa. Tayoyin da aka yarda ka yi amfani da su a haɗuwa ɗaya ƙayyadaddu ne, an yi musu rajista. Kulle ɗaya ranar Asabar da safe zai iya binka har Lahadi da yamma.

Kowane fili da halinsa. Thruxton shi ne mafi gudu a Birtaniya, kwaltarsa kaushi gare ta kamar dutsen niƙa, yawancin kwanoninsa masu sauri dama suke yi, don haka tayoyin hagu ke shan wuya. Kuma ba a samun ranakun gwaji da yawa a can saboda dokar hana hayaniya, sai ka ga ƙungiyar da ke da tsofaffin rubuce-rubucenta ta fi sabuwa. Gajeren Brands Hatch bai cika kilomita 2 ba, zagaye ɗaya bai kai daƙiƙa 50 ba. Kwanar farko, Paddock Hill, kana shigarta ba ka ganin ƙarshenta, ƙasa ta zube gangare a ƙarƙashinka, wanda ya makara da birki sai cikin tsakuwa. A irin wannan fili wanda ya fi ka da kashi 2 cikin 10 na daƙiƙa a kowane zagaye, in aka yi zagaye 25 ya ba ka tazarar daƙiƙa 5. Ka ƙifta ido, wannan shi ne bambancin, amma a ƙarshe ko bayansa ba ka hangowa sosai.

Hajiya Mai Lissafi, Sabon Layi:

Sannunku da ƙoƙari. Maigida bakanike, duk abin da ka faɗa haka yake, amma kada yaron nan ya tashi da tunanin cewa ilimi kaɗai ke raba su. Motar iri ɗaya ce, aljihun ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan abin yana damuna da wasan nan.

Kaka ɗaya a babbar ƙungiya ɗaruruwan dubban fam take ci. Kuɗin ba a inji suke tafiya ba, a gwaji suke tafiya. Sabuwar taya tana da wani kamu na musamman da ba ya wuce zagaye biyu ko uku na farko bayan ta yi zafi. Yaron da aka saya wa sabbin tayoyi saiti bayan saiti a lokacin sanyi ya san daidai lokacin da wannan kamun ke zuwa, ya san yadda zai ɗumama ta ba tare da ya ƙona ta ba. Wanda ya yi gwajinsa da tsofaffi, ranar neman gurbi ne zai fara jin abin, kafin ya gane kamun ya wuce. Tun da Malam ya nuna cewa wurin tashi shi ne rabin tsere, ka ga inda kuɗi suka shigo. Haka kuma wanda ya san in ya fasa mota akwai mai biya, ba zai tuƙa kamar wanda ya san karo ɗaya zai tsayar da kakarsa ba.

Na biyu shi ne bayanan kwamfuta. Motar tana rubuta komai: gudu, ƙarfin taka birki, yawan totur, murɗin sitiyari, giyar da ake ciki. Bayan kowane zama sai a ɗora zanen direba a kan na abokin ƙungiyarsa. A nan ake gani ƙiri-ƙiri cewa wancan ya taka birki mita 8 bayan kai, ko ya saki birkin a hankali har cikin kwana kai kuwa ka sake shi gaba ɗaya, ko ka ba ta wuta da wuri har ka ɗaga ƙafa ka sake. Ƙungiya mai motoci uku ko huɗu da direba ɗaya gwani, duk sauran suna cin albarkacinsa. Ƙungiya mai mota ɗaya ba ta da madubin dubawa. Dunne a ƙungiyar Hitech yake a 2022, kuma a wannan shekarar yana tseren F4 ta Italiya, inda ya zo na biyu bayan Kimi Antonelli. Wato irin motar nan ta Tatuus yake tuƙawa mako bayan mako. Baiwa yana da ita, ba musu, amma yawan zama a kujerar ma ya yi aiki.

Tun da kakar 2022 ka ambata, ka duba wanda ya zo na uku: Ugo Ugochukwu, a ƙungiyar Carlin. A Amurka aka haife shi, da tutarta yake tsere, amma mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, Oluchi Onweagba mai tallan kayan ƙawa. A 2023 ya zo na biyu a gasar Italiya, a 2024 ya ci babban tseren birnin Makawu (Macau) na China. Lando Norris ma wannan gasar ta Birtaniya ya ci a 2015, Oscar Piastri ya zo na biyu a 2017, duka biyun daga baya suka kai F1, babbar gasar tseren mota ta duniya. In kana son ka riƙa gane irin waɗannan tun kafin sunansu ya fito, kada ka tsaya ga wanda ya zo na ɗaya. Kamfanin TSL da ke riƙe agogo yana fitar da takardun lokaci bayan kowane zama. Ka duba lokutan zagaye na direba daga farko zuwa ƙarshe. Wanda lokutansa ke kusa da juna kamar an auna da mudu, shi ne abin sa wa ido, ba wanda ya yi zagaye ɗaya na ban mamaki sauran suka warwatse ba.

Matashin Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai, iyayena, kaina ya waye. Saura biyu. In ruwa ya sauko fa, tun da can ba su rabuwa da shi? Kuma masu wasan mota da muke gani a bukukuwa, masu juya ta tana hayaƙi, wannan gwanintar za ta yi musu amfani a irin wannan tsere?

Malam Injiniya, Daura:

Na biyun zan fara, ƙanena. A'a, sai kaɗan. Mai wasan mota zamewa yake nema, mai tsere guje mata yake yi. Duk lokacin da taya ta zame gefe, gudu ne ya zube, roba ce ta ƙone. Gwanin da kake gani a gaba, in ka kalli hannunsa ta kyamarar cikin mota, da ƙyar yake motsi. Abin da zai amfana da shi kawai shi ne saurin kamo baya in ya kwashe. Kuma wasan mota a titin da mutane ke tsaye gefe babu shinge ba tsere ba ne, ganganci ne da rayukan jama'a. Waɗannan yaran suna cikin akwatin kabon, da baka na ƙarfe a saman kai, da ɗamara mai igiya shida, da kayan da ba sa kama wuta da wuri, da abin riƙe wuya da ke haɗe da hular kwano, ga likita da motar asibiti a bakin fili. Matakin farko na gaskiya shi ne ƙananan motocin tsere na yara da ake kira kat (kart), kusan duk waɗanda aka ambata daga can suka taso tun suna yara.

Ruwa kuwa, ana sa taya mai zane mai laushi da ke kore ruwa. A ƙara fiffike, a sassauta sandunan ƙafa, a ɗan ɗaga motar, a mayar da birki baya kaɗan don gaba ba ya samun nauyin da yake samu a busasshen titi. Abin da ke kayar da sababbi shi ne hanya. Layin da kowa ke bi da rani roba ta kwanta a kansa, in ya jiƙe sai ya zama kamar an zuba sabulu. Dole ka bar shi ka zagaya ta waje inda kwalta ke da kaushi, ka guji farin fenti da dakalin gefe.

Mafi wuya shi ne lokacin da ruwa ya ɗauke minti goma kafin tashi. In ka sa tayar ruwa titi ya bushe, cikin 'yan zagaye za ta yi zafi, zanenta ya fara narkewa, shi ya sa za ka ga direba yana barin hanya a miƙaƙƙen titi yana neman inda ruwa ya kwanta don ya sanyaya ta. In ka sa ta rani titi bai bushe ba, ba za ta yi zafi ba balle ta kama. Tsayawa canji a tseren minti 20 kuwa daidai yake da sallamawa.

Bakaniken Ƙofar Ƙaura:

Ƙari kaɗan a kan tashi, don nan ake zubar da maki da yawa. Bayan zagayen ɗumama taya kowa ya tsaya a akwatinsa, giya ta ɗaya a ciki, kuloci a daidai inda yake fara kamawa, inji a sama. Jajayen fitilu su kunnu, in sun mutu a tafi. Ka saki kuloci da sauri, ko dai tayar baya ta yi ta juyi a wuri ɗaya ko injin ya mutu, kuma mota a tsaye a tsakiyar layi ita ce mafi haɗari, don na baya ba sa ganinta sai sun iso. Ka motsa kafin fitila ta mutu, a ƙara maka daƙiƙoƙi a lokacinka, a gasar da daƙiƙa 5 kan iya mayar da na biyu na bakwai. Fita daga iyakar titi ma haka: a neman gurbi a soke zagayen, a tsere a nuna maka tuta mai baƙi da fari, in ka ƙara a ci ka tara.

Hajiya Mai Lissafi, Sabon Layi:

Kuma abin da suke nema a ƙarshen kaka ba kofin kaɗai ba ne. Kafin a ba mutum lasisin tuƙa F1 sai ya tara maki 40 na FIA, hukumar tseren mota ta duniya, cikin shekara uku. Zakaran F4 na ƙasa yana samun 12, na biyu 10, na uku 7. Sauran sai ya nemo su a gasannin da ke sama da F4, wato F3 da F2, zakaran F3 yana samun 30, ukun farko a F2 kowa 40. Don haka in ka ga yaro a haɗuwar ƙarshe ya lafe a bayan wani bai kai masa hari ba, ka duba teburin maki kafin ka ce tsoro ya ji.